Kundin aiki: awo da iyakar lambobin kanel a injinan da nake kula da su

Litinin, 3 ga Fabrairu, 2025

Injina huɗu ke hannuna, dukkansu Linux suke ɗauke da shi. Babban yana wata cibiyar koyon jarrabawar kwamfuta a Mabera, nan cikin Sakkwato: RAM gigabayit 8, faifai mai juyawa, Ubuntu 22.04 mai kanel 5.15. Na biyu yana wata makarantar kuɗi a Arkilla, shi ke riƙe da sakamakon ɗalibai, RAM gigabayit 4, Debian 12 mai kanel 6.1. Na uku ɗan ƙaramin akwati ne da ke raba intanet ga kwamfutocin cibiyar Mabera. Na huɗu yana wani shagon magani a Gwadabawa, kan hanyar Illela, zuwa wurinsa kuwa yini guda yake ci.

Kanel shi ne ke tsakanin manhajoji da ƙarfen injin. Shi ke raba RAM, shi ke yanke lokacin da abu zai sauka a faifai, shi ke karɓar duk saƙon da ya shigo daga waje. Yana da lambobi masu yawa da ake juyawa injin na kunne, suna zaune a /proc/sys, umarnin sysctl ke karanta su da canza su. Kowace ta zo da saitinta na asali. Wannan saiti ɗinkin kasuwa ne: telan gwani ne, sai dai bai ga mai sawa ba. Mafi yawansu sun yi mana daidai. Kaɗan ne aka yanka don injin da wuta ba ta ɗauke masa, mai RAM jingim, mai layin intanet da ba ya rawa.

Abin da zan yi shi ne jadawali guda. Duk lambar da za mu taɓa sai ta cika gurbi shida: sunanta, abin da kanel ya zo da shi, abin da muka sa, iyakar ƙasa, iyakar sama, sai dalili. Layin da gurbin dalilinsa ke wofi ba zai shiga injin kowa ba.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Na zauna da fayil ɗin /etc/sysctl.conf na injin Mabera, wanda na gada daga mai aikin da ya gabace ni. Layuka ne tuli, da gani kwaso su aka yi daga intanet aka zuba gaba ɗaya. Ba na ganin laifinsa, a zamanin da aka rubuta waɗannan shawarwari da yawansu gaskiya ne. Kanel ne ya yi gaba ya bar su.

Akwai net.ipv4.tcp_tw_recycle = 1. An cire wannan daga Linux tun fitowar 4.12 a 2017, shi ya sa duk lokacin da aka loda fayil ɗin sysctl ke kukan bai ga abin ba. Gara ma da aka cire. Yana rikita haɗin mutanen da ke fitowa intanet ta adireshi guda, kamar masu waya da kamfanin sadarwa ya tara su a bayan adireshi ɗaya: wani ya shiga, na kusa da shi a hana shi, a rasa dalili.

Akwai kernel.shmmax, iyakar girman yankin RAM da manhajoji ke amfani da shi tare, da aka ɗaga saboda PostgreSQL, manhajar rumbun bayanai. A da iyakarsa megabayit 32 ce kacal, dole a ɗaga. PostgreSQL ya daina dogaro da wannan hanya tun 9.3 a 2013, kanel 3.16 na 2014 kuma ya buɗe iyakar har ta zama kamar babu. Layin ba ya aikin komai.

Wanda ya fi damuna shi ne net.core.somaxconn = 1024. Shi ke iyakance tsawon layin masu jiran a karɓi haɗinsu. Da can 128 ne, don haka mai sa 1024 ya ƙara. Daga kanel 5.4 na 2019 saitin asali ya koma 4096. Ashe layin da aka rubuta da niyyar faɗaɗawa, yau ƙuntatawa yake yi, ya mai da ƙofar kashi ɗaya bisa huɗu. Haka fs.file-max, iyakar yawan fayilolin da za a buɗe lokaci guda a injin: an sa 100000, alhali systemd na wannan Ubuntu, wato manhajar da ke tayar da sauran manhajoji, da kansa yake kai shi 9223372036854775807.

Wannan ya sa gurbin "abin da kanel ya zo da shi" ba zan cika shi da ka ba, ba kuma daga littafi ba. Sai na girka tsarin sabo fil a wani injin, na karanta lambar da idona.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Yau maganar iyaka ce, ita ce kuma ƙashin bayan aikin.

Kanel na da nasa shingen. A cikin rubutunsa, lambobi da yawa an ɗaura masu ƙasa da sama, aikin da ke binciken sunansa proc_dointvec_minmax. Mun gwada a tsohuwar laftof da ba a amfani da ita, ni da yaron da ke koyon aiki a wurina. Ya rubuta sysctl vm.swappiness=250, nan take aka mayar masa da Invalid argument, domin iyakarta 200 ce. Ya rubuta 3 a vm.overcommit_memory, aka ƙi, 0 da 1 da 2 kawai take karɓa. Ya ji daɗi, ya ce, "Malam, ashe shina tsaron kansa."

Na ce ya ƙara gwada biyu. Na farko vm.vfs_cache_pressure=0. Ta shige lami lafiya, babu ko tari. Amma ma'anarta kanel ba zai taɓa sakin ajiyar sunayen fayiloli da ya tara a RAM ba ko da ana matse, kuma takardun kanel da kansu sun yi gargaɗin hakan na iya cinye RAM ƙarƙaf. Na biyu vm.min_free_kbytes, wato RAM ɗin da kanel ke keɓe wa kansa don gaggawa. Ya sa lamba mai kusan girman RAM ɗin laftof ɗin duka. Ta shige. Kafin ya ɗauke hannu daga madannai allon ya daskare, kanel ya shiga yanka manhajoji ɗaya bayan ɗaya yana neman wurin da aka ce ya tanada. Sai da muka danne maɓallin wuta.

Shingen kanel yana hana lambar da ba ta da ma'ana ne kawai. Lambar da ke da ma'ana amma za ta kashe injin mai RAM gigabayit 4 a Arkilla, wannan ba ruwansa, kuma ba zai iya sani ba. Waɗanda suka rubuta shi suna rubuta wa wayar hannu da kuma injin da ya cika ɗaki a lokaci guda, dole su bar fili. Tsuke filin namu ne. Na rubuta ɗan gajeren shiri da Python da ke karanta jadawalin, ya ƙi duk lambar da ta fita daga ƙasa da saman da muka yanka, ya ƙi layin da ba dalili, sannan ya fitar da fayil ɗin da sysctl zai loda. Daga yau ba mai gyara fayil ɗin da hannu.

Talata, 18 ga Fabrairu

Rubutu a faifai. Nan ne halin garinmu ya fi shiga lissafi, don haka zan ɗan daɗe.

Idan manhaja ta ce ta ajiye fayil, ba lallai ne ya sauka a faifai ba. Kanel yakan riƙe shi a RAM, ya ce mata an gama, sai daga baya ya rubuta. Dabara ce mai kyau, ita ke sa injin sauri. Lambobi huɗu ke tafiyar da ita. vm.dirty_background_ratio, 10: idan abin da ke jiran rubutu ya kai kashi goma cikin ɗari na RAM ɗin da ke samuwa, kanel zai fara rubutawa a bayan fage. vm.dirty_ratio, 20: idan ya kai kashi ashirin, sai a tsayar da manhajar da ke zubowa har faifai ya kamo ta. vm.dirty_expire_centisecs, 3000: abin da ya yi daƙiƙa 30 yana jira ya isa rubutawa. vm.dirty_writeback_centisecs, 500: kowace daƙiƙa biyar mai rubutun ke farkawa ya duba.

An zaɓi kaso cikin ɗari ne tun RAM na ƙarami. A injin mai gigabayit 8, kashi ashirin na iya haura gigabayit guda. Faifai mai juyawa irin na Mabera, ko hanya ta miƙe masa, abin da yake rubutawa a daƙiƙa megabayit ɗari ne da ɗan wani abu. Wato ana iya samun aikin fiye da daƙiƙa goma yana rataye a RAM. In aka ɗauke wuta, inbata ta yi jinkirin kamawa ko batir ya riga ya gaji, duk abin nan ya tafi. Ka kunna ka tarar da fayil, sunansa na nan, cikinsa fayau.

Dole a raba abu biyu a nan, don kada a tsorata masu makaranta a banza. Sakamakon ɗalibai da ke cikin PostgreSQL ba ya cikin wannan haɗari, domin rumbun bayanai yakan tilasta wa kanel ya rubuta kafin ya ce an karɓa, da umarnin fsync. Masu haɗarin su ne hotunan fasfo na ɗalibai da ake lodawa, takardun da aka ɗauka da sikana, da kwafin ajiya da ake jefawa a filas. Na sha ganin malami ya kwafa abu, allo ya nuna an kammala, ya zare filas ya sa aljihu ya hau babur, alhali rabin kayan bai bar RAM ba.

Na bar kaso na koma ƙidayar bayit: vm.dirty_background_bytes = 33554432, megabayit 32 ke nan, da vm.dirty_bytes = 134217728, megabayit 128. Na sauko da lokacin jira daga 3000 zuwa 1000. Kanel zai karɓi dirty_bytes ko da shafi biyu ne, bayit 8192, amma a nan injin rarrafe zai yi. Iyakarmu ta ƙasa megabayit 16, ta sama 256 ga duk injin mai faifai mai juyawa.

Bayan mun loda, yaron ya duba ya ɗago a firgice: "Malam, dirty_ratio ta koma sifili! Mi munka taɓa?" Na ce ya kwantar da hankalinsa. Kishiyoyi ne, in ka sa ta bayit, ta kaso sai ta nuna 0, in ka sa ta kaso, ta bayit ta nuna 0. Na buɗe masa /proc/meminfo a gefe guda, muka kwafa babban fayil muna kallon layin Dirty. Da can lambar hawa take yi ba ji ba gani. Yanzu tana zuwa kusa da inda muka yanka sai ta tsaya tana lilo a wurin. Kwafin ya fi daɗewa a ido, ba musu, amma abin da allon ke nunawa yanzu ya kusa da abin da faifai ya karɓa. Na yarda da wannan ciniki.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Gajeren abu amma mai muhimmanci. Fayilolin /etc/sysctl.d ana karanta su bi da bi bisa jerin suna, na ƙarshe ke rinjaye. A Ubuntu 22.04 da Debian 12, tsohon /etc/sysctl.conf yana shigowa da sunan 99-sysctl.conf, saboda haka duk abin da ke cikinsa zai danne fayil ɗinmu da sunansa ke farawa da 60. Na kwashe tsofaffin layukan na adana su a wani wuri, na bar fayil ɗin ba komai. Na kuma ƙara wa shirin aikin gwada abin da ke jadawali da abin da ke /proc/sys bayan kowane kunnawa, in sun saɓa ya rubuta.

Alhamis, 6 ga Maris

Azumi ya kama tun ranar 1 ga wata, aiki ya koma bayan asham. Makaranta shiru, ga sanyin dare, na samu natsuwa da injin Arkilla.

vm.swappiness na zuwa da 60. Kusan duk shawarar da za ka ci karo da ita cewa take a mai da ita 10 ko 0, kamar musayar RAM da faifai abin kunya ne. Lambar ba ta nufin "in RAM ta cika kashi kaza a fara". Awo ne na tsada tsakanin abu biyu: a kori shafukan manhaja zuwa wurin musaya, ko a zubar da shafukan fayil da za a iya sake karantowa. A injin mai gigabayit 4, in ka sa 0 ka ɗaure wa kanel hannu ɗaya. Zai riƙa zubar da fayilolin da ake buƙata yana sake karanto su, in abin ya ci tura ya yanka manhaja.

Hanyar da na bi ita ce zram: wurin musaya a cikin RAM ɗin kanta, ana matse shafukan kafin a ajiye. Fedora, wani nau'in Linux, ta mai da shi saitinta na asali tun 2020. Tunda musayar ta fi faifai sauri nesa ba kusa ba, lissafin ya juye. Daga kanel 5.8 aka ɗaga iyakar daga 100 zuwa 200 saboda irin wannan, takardun kanel ma sun ba da misali: in wurin musaya ya ninka faifai sauri sau biyu, lambar 133 ce. Da ita na fara. A jadawali layin ya rabu biyu: injin mai zram, daga 100 zuwa 180, mara zram, daga 10 zuwa 60. Sifili babu shi a ko'ina.

vm.overcommit_memory, mai yanke ko kanel zai yi wa manhajoji alkawarin RAM fiye da wadda yake da ita, na bar ta a 0 yadda ta zo. Takardun PostgreSQL na kawo 2, Redis kuwa, wani rumbun bayanai mai ajiya a RAM, 1 yake roƙo duk lokacin da ya tashi, ga su a inji guda. In aka sa 2, iyakar alkawarin RAM ita ce wurin musaya haɗe da kashi 50 na RAM, gigabayit 2 ke nan a nan ban da wurin musayar, manhajoji za su fara ƙin tashi RAM na zaune. Na rubuta wannan a gurbin dalili duk da ban canza komai ba, domin wanda zai zo bayana zai ga gargaɗin Redis, hannunsa zai yi ƙaiƙayi.

Asabar, 15 ga Maris

Gwajin jarrabawa a Mabera, ɗalibai na shirin JAMB, zaure ya cika. Lokacin da ya fi nauyi shi ne daƙiƙar da mai kula ya ce a fara, kowa ya danna tare.

Na tsaya bayan injin da umarnin ss -lnt, mai nuna layin masu jiran haɗi. A layin nginx, manhajar da ke miƙa wa kwamfutocin shafukan jarrabawa, gurbin Send-Q ya nuna 511, ba 4096 ba. Haka abin yake: manhaja ke faɗin tsawon layin da take so, kanel ya ɗauki ƙarami tsakanin nata da somaxconn, nginx kuma 511 yake nema in ba a ce masa komai ba. Da na ninka somaxconn sau goma ma ba abin da zai motsa. Na duba ma'aunin ListenOverflows, mai ƙirga waɗanda aka kora saboda layi ya cika, da umarnin nstat kafin a fara da bayan an fara, bai ƙaru ba. Ba a kori kowa daga layi ba, don haka somaxconn ta zauna a 4096, nginx ma ban taɓa shi ba.

Inda aka samu cikas shi ne manhajar jarrabawar kanta, ta fara rubuta Too many open files ana tsakiyar zama. Wannan ba sysctl ba ne. Iyaka ce ta kowace manhaja, 1024 ta zo da ita, kuma an bar ta a haka da gangan, saboda tsohon umarnin select ba ya iya riƙe abin da ya wuce haka. Manhajar da systemd ke tayarwa ba ta karanta /etc/security/limits.conf, sai an sa mata LimitNOFILE a fayil ɗinta. Na sa mata 16384, ita kaɗai, muka sake tayar da ita a hutun da ke tsakanin zama biyu. Jadawalin ya samu sashe na biyu na iyakokin manhaja ɗaiɗai.

A akwatin intanet kuwa na lura da teburin da ke bin sawun haɗi, nf_conntrack. Haɗin da ya kafu, in aka daina jin motsinsa, sai ya yi daƙiƙa 432000 a teburin kafin a share shi. Kwana biyar. A zauren da wuta kan ɗauke wa kwamfutoci duka lokaci guda, babu wadda ke sallama kafin ta mutu, gawarwakin haɗi sai su taru. In teburin ya cika, sabon haɗi zubar da shi ake yi. Na sa 21600, awa shida. Iyakar ƙasa 7440, ba kuma ni na ƙirƙire ta ba: ƙa'idar RFC 5382 ta 2008 ta ce kada na'urar raba adireshi ta manta haɗi kafin awa biyu da minti huɗu. Abin lura ɗaya: wannan lamba ba ta wanzuwa sai an loda sashen nf_conntrack, don haka sai da na sa sunansa a /etc/modules-load.d don ya riga sysctl tashi.

Litinin, 24 ga Maris

Gwadabawa. Rana ta fara nuna halinta, ga ƙishirwar azumi, kurar hunturun bana kuma ta yi dam a fankar injin. Sai da na busa ta kafin komai.

Mai shagon ya tare ni da tambayar da ta kawo ni: "Malam, wanga inji in yat tsaya cik, sai mu jira ka taho daga Sakkwato?" Na ce, "Ranka shi daɗe, abin da za mu gyara ke nan yau."

kernel.panic na zuwa da 0: in kanel ya gamu da abin da ba zai iya ci gaba ba, ya tsaya har abada da rubutu a allo. Ga mai haɗa kanel da ke zaune gaban injin, daidai ne, yana son karanta rubutun. Ga shagon da mai ciwo ke tsaye yana jiran magani, ba daidai ba ne. Na sa 30, ya jira daƙiƙa talatin ya sake tashi da kansa. Lambar da ke ƙasa da sifili tana sa ya tashi nan take, na haramta ta, domin ina son yaron shago ya samu damar ɗaukar hoton allon da waya ya turo mani. Na nuna masa yadda rubutun yake kama. Iyaka daga 10 zuwa 120. Na kunna kernel.panic_on_oops, mai sa kanel ya tsaya cik ko da kuskuren da ya samu bai kai na mutuwa ba, a wannan injin kaɗai, gara ya tashi sabo da ya ci gaba da lissafin kuɗi da magani rabi a raye.

Sai haɗin da ke kai kwafin ajiya Sakkwato ta layin waya, wanda kan mutu shiru ba wanda ya sani. net.ipv4.tcp_keepalive_time na zuwa da 7200, awa biyu kafin a tambayi ɗaya gefen ko yana nan, sannan tambaya tara, tsakaninsu daƙiƙa 75. Awa biyun daga RFC 1122 ta 1989 ta fito. Na'urorin da ke kan hanyar layin waya sukan manta haɗin da ya yi shiru tun kafin nan. Na sa 300, tazara 30, tambaya biyar. Saƙonnin ƙanana ne ƙwarai, ba za a ji su a kuɗin data ba. Manhajar da ta nemi wannan hidima kaɗai ke amfana, na duba na ga tamu tana nema.

Laraba, 9 ga Afrilu

An yi sallah lafiya, an dawo aiki. Shirin binciken bai nuna saɓani a ko ɗaya daga injinan huɗu ba tun da aka ɗora. An ɗauke wuta a Arkilla ana tsakiyar loda hotunan sababbin ɗalibai, batir bai riƙe ba, da aka kunna hotunan ƙarshe kaɗan ne aka sake lodawa.

Jadawalin gajere ne, bai cika shafi biyu ba, kusan rabinsa kuma layukan da muka bari yadda suka zo ne tare da dalilin barin. BBR, hanyar sarrafa cunkoso da Google ta shigar a kanel 4.9, na so gwada ta a layin Gwadabawa a madadin CUBIC da kanel ya zo da ita, amma ba zan taɓa komai ba sai jarrabawa ta wuce.

Bayan jarrabawar injin Mabera zai koma Ubuntu 24.04 mai kanel 6.8. Can vm.max_map_count, iyakar yawan yankunan RAM da manhaja ɗaya za ta riƙe, ta tashi daga 65530 zuwa 1048576, kuma ba ita kaɗai za ta motsa ba. Na ba yaron tsohuwar laftof da filas: ya girka sabon tsarin, ya fitar da sysctl -a a fayil, ya jera shi da na 22.04, ya kawo mani duk layin da ya bambanta ranar Asabar.